Dala ɗari nawa ce a wurin na'ura? Yadda ake gwada bayanin da ke jagorantar 'yan aiken AI

Duk wanda ya taɓa ciniki a babbar kasuwar Ngawundere ya san dala ɗari sefa 500 ce, domin da biyar-biyar muke ƙirga kuɗi. To yanzu a ce ka umarci manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta tura wa mahaifiyarka dala ɗari a Garwa. Nawa za ta tura? Sefa 100 ko 500? Amsar tana rataye a kan 'yan layukan rubutu da kai ba ka gani.

Da, hira kawai ake yi da waɗannan manhajoji. Yanzu an fara aiken su: su duba jadawali, su aika saƙo, su biya kuɗi. Sai dai ba su da hannu. Ana ba su jerin kayan aiki ne, kowanne da sunansa, da bayanin abin da yake yi, da guraben da za a cike. Wannan bayanin manhajar ke karantawa ta zaɓi wanda za ta ɗauka. Kamfanin OpenAI ya buɗe irin wannan tsari a Yunin 2023, sannan a Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da MCP, ƙa'ida guda ta haɗa manhajojin AI da kayan aiki daban-daban.

Idan mai rubuta bayanin ya ce “adadi” ya yi shiru, bai faɗi cewa da sefa ake nufi ba, ya bar ɗan aike da kintace. Haka idan gurbin ya ce “gari” kawai, alhali akwai Garwa a Arewa, akwai kuma Garwa-Bulai can Gabas kusa da iyakar Afirka ta Tsakiya. Mai sayen tikitin jirgin ƙasa ma ya san Ngawundal daban, Ngawundere daban. Ga kuma kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afirilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris.

Yaya ake gane bayani ya yi kyau? Mu malamai mun san hanyar. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa idan rabin aji suka faɗi tambaya ɗaya, ka fara tuhumar tambayar kafin ka tuhumi yara. Injiniyoyi ma haka suke yi. Sukan tara buƙatu irin na gaske, su ba manhajar sau da yawa, tunda ba kullum take amsawa iri ɗaya ba. Sai a duba: ta ɗauki kayan aikin da ya dace? Ta cike guraben daidai? Da abu ya shige mata duhu, ta tambaya ko ta yi gaban kanta? Daga nan a gyara jimla ɗaya a bayanin, a sake gwaji, a kwatanta sakamako. Akan kuma ɓoye wasu buƙatun sai ranar gwajin ƙarshe, kamar yadda ba a nuna wa ɗalibi takardar jarrabawa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa wani allon gasa da ke auna ƙwarewar manhajoji wajen kiran kayan aiki. Cikin abin da yake aunawa har da ko manhaja za ta haƙura idan babu kayan aikin da ya dace da buƙatar. Ɗan aiken da aka ce ya sayo gishiri, bai samu ba ya dawo da kanwa, ai gara ya dawo hannu rabbana.

Akwai kuma batun amana. A Afirilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna cewa mugu zai iya cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, manhaja ta karanta ta bi, ta kwashi bayanan mutum ba da saninsa ba. Ke nan bayanin ma sai an tantance daga ina ya fito.

Abin da ya fi shafarmu shi ne harshe. Mafi yawan bayanan nan da gwaje-gwajensu da Ingilishi ake yin su. Mu kuwa a jimla ɗaya sai mu gwama Hausa da Fulatanci da Faransanci. Bayanin da ya ci jarrabawa da Ingilishi ba lallai ya ci ta da bakin 'yar kasuwar Ngawundere ba. Nan akwai aiki ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a jami'ar Dang: su tattara yadda mutane ke faɗin kuɗi da lokaci da sunayen garuruwa, su mai da su tambayoyin gwaji.

Kafin nan, duk ranar da wata manhaja ta ce za ta biya maka kuɗi, ka faɗi adadin da sefa, ka sa ta maimaita maka suna da lamba da gari, ka karanta da idonka, sannan ka danna amincewa.