Shin Ƙagaggen Labari Ƙarya Ne?

Da yawanmu mun taɓa shan faɗa a gida don an kama mu da littafin labari alhali jarrabawa ta ƙarato. "Ka bar karatu kana karanta ƙarya!" To, wannan ƙorafi ya girmi kakannin kakanninmu.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wani masani a ƙasar Girka mai suna Aflatun ya ce mawaƙa da masu tsara labari kwaikwayo kawai suke yi. Ya ba da misali da gado: kafinta ya san yadda ake haɗa shi, mai zane kuwa kamanninsa kaɗai ya sani. Haka mawaƙin da yake siffanta yaƙi tiryan-tiryan bai taɓa jagorantar runduna ba. Ga shi kuma yana motsa zukata har hankali ya gushe. Saboda haka Aflatun ya ga a sallame su daga gari, sai masu yabon alloli da mutanen kirki.

Ɗalibinsa Aristotal bai yarda ba. A ganinsa, tarihi yana faɗin abin da ya faru da wane a rana kaza, adabi kuwa yana nuna abin da zai iya faruwa da kowa idan ya shiga irin wannan hali.

Mu gwada da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buga a 1934. Littafin tarihi zai gaya mana cewa an yi cinikin bayi ta hamadar Sahara. Mu haddace, mu amsa a jarrabawa, shi ke nan. Amma da muka bi uwar Umar tana neman ɗanta da aka sace gari bayan gari, har ita ma ta faɗa hannun masu bauta, sai muka ji abin a jikinmu. Ƙirƙirar ta aka yi, gaskiya ne. Uwaye irinta fa? An yi su ba adadi, kuma babu wanda ya rubuta sunayensu.

Ba mu ce tsoron Aflatun shirme ba ne. Labarin da ya iya sa mu tausayi zai iya sa mu ƙin wanda bai yi mana komai ba. Abin dariyar shi ne, shi kansa Aflatun da ya tashi bayyana jahilcin ɗan Adam, labari ya ƙaga: na wasu fursunoni a cikin kogo da ba su taɓa ganin komai ba sai inuwa a bango.