Wayarka Ta Ƙi Karɓar Afdet? Ga Dalilai Da Yadda Za Ka Gyara Da Kanka

Saƙo ya shigo cewa akwai sabon afdet, ka danna, ya fara sauka, ya kai kashi 60 ya tsaya cak. Ko kuma ya gama sauka, wayar ta mutu ta taso, sai ta rubuto maka cewa girkawar ba ta yiwu ba. Data ta tafi, buƙata ba ta biya ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, babu mai son asarar gigabait biyu a banza.

Wasu kan haƙura su daina sabunta wayar gaba ɗaya, amma hakan ma da haɗari. Afdet ne ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma a wayar nan manhajar bankinka da OPay ko Moniepoint suke.

Afdet yana bin matakai uku: wayar ta sauke fayil, ta tantance cewa ya sauka cikakke, sannan ta girka shi. Matakin da ya tsaya shi zai nuna maka inda matsalar take.

Idan ya tsaya wajen saukewa

Sabis za ka fara tuhuma. Afdet na tsaro ƙarami ne, amma wanda zai ɗaga wayar zuwa sabon Android yakan haura gigabait ɗaya ko biyu. Idan alamar sabis tana sauka daga 4G zuwa H ko E, kada ka fara. Haka idan kana cikin mota daga Tsafe ko Bunguɗu zuwa Gusau, wayar tana ta sauya turakun sadarwa, saukewar za ta riƙa katsewa. Bari sai ka zauna wuri ɗaya mai ƙarfin sabis, zai fi kyau da dare ko da asuba lokacin da cunkoso ya ragu. In da datar dare za ka yi, fara duba ko yawanta ya kai girman fayil ɗin.

Sai ka duba waɗannan:

- Kashe VPN da Data Saver.
- Ka tabbatar kwanan wata da lokaci daidai suke. Shiga Settings, ka nemi Date & time, ka kunna na atomatik. Idan kwanan wata ya kauce, wayar ba za ta iya haɗuwa da uwar garken kamfanin ba.
- Wasu wayoyin ba sa sauke babban afdet sai da Wi-Fi. Idan hotspot ɗin abokinka ka hau amma ta ƙi, wataƙila ta ɗauke shi a matsayin data mai awo. Shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka mayar da shi Unmetered.

Idan ta ce babu wuri

Fayil ɗin afdet a dunƙule yake zuwa, sai wayar ta warware shi kafin ta girka, don haka tana buƙatar wurin da ya fi girmansa. Ka bar mata aƙalla ninki biyu na abin da aka rubuta. Memori na waje yawanci ba ya taimakawa a nan, domin a cikin ma'adanar wayar ake aikin.

A waya mai gigabait 32 ko 64, WhatsApp ne ya fi cin wuri. Shiga Settings ɗinsa, Storage and data, sannan Manage storage, za ka ga manyan bidiyoyin da aka yi ta turowa a gurup. Ka leƙa jakar Xender ma, ka mayar da su Labarina da sauran finafinan da ka gama kallo kan memori.

Caji da zafi

Wayoyi da yawa ba sa fara girkawa idan caji ya yi ƙasa. Ka kai shi sama da kashi 50, ko ka haɗa da fawa bank tunda wuta ba ta da tabbas. Kada ka fara girkawa sannan ka miƙa wa mai cajin kuɗi, don ba ka san lokacin da zai cire ta ko ya kashe inji ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Zamfara, wayar da ta ɗau zafi tana rage gudu ko ta dakatar da aikin. Cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa.

Idan ya sauka amma ya ƙi girkuwa

Galibi fayil ɗin ne ya lalace a hanya. Kashe wayar ka kunna, ka sake gwadawa. In ya ƙi, shiga Settings, Apps, ka nuna manhajojin tsarin waya, ka nemo System Update ko Software update, ka goge masa cache da data don ya sauko sabo. A iPhone kuwa, shiga Settings, General, iPhone Storage, ka nemo fayil ɗin iOS ka goge. Masu Samsung na iya yi ta kwamfuta da Smart Switch, masu iPhone kuma da iTunes.

Idan ka gama wani afdet sai wani ya fito, ba matsala ba ce. Wayar da ta daɗe ba ta hau intanet ba, kamar yadda ya faru lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, takan tara su, kuma bi da bi take girka su.

Idan ta maƙale a tambarin kamfani

Kada ka yi gaggawa. Tasowar farko bayan babban afdet takan ɗau mintuna da yawa, ka ba ta rabin awa tana kan caji. In ba ta motsa ba, danne maɓallin kunnawa, a Samsung tare da na rage sauti, har ta mutu ta taso. Tun daga Android 7 na 2016, wayoyi da dama suna da tsarin da ke komawa tsohuwar manhaja da kansa idan sabuwar ta ƙi tashi. Idan ka shiga Recovery, Wipe cache partition ba ya taɓa kayanka, amma Wipe data/factory reset yana share komai.

Wayar da ba za ta karɓa ba

Wayar da aka yi wa rut ko aka sa mata manhajar da ba ta kamfani ba takan ƙi afdet. Haka wasu wayoyin hannu da aka shigo da su daga Amurka masu tambarin AT&T, sau da yawa ba sa samu a kan layukanmu. Sannan kowace waya tana da wa'adi. Samsung ya yi wa Galaxy S24 alƙawarin shekara 7, amma ƙananan wayoyi da yawa ba sa samun kusa da haka. Idan ta rubuto cewa tana kan sabon tsari, babu abin da ya lalace.

A irin wannan hali ne ake faɗawa tarko. A Maris 2021 kamfanin tsaro na Zimperium ya bankaɗo wata manhajar leƙen asiri mai suna System Update, wadda ke kwashe saƙonni da hotuna. Afdet na gaskiya daga Settings kawai yake zuwa. Duk linkin da aka turo maka ta WhatsApp ko Telegram da sunan sabunta waya, share shi.

Kafin ka kai wa mai gyara

Filashin yana share komai, don haka shi ne mataki na ƙarshe. Tun kafin ka fara kowane afdet, ka adana lambobi da hotuna a Google, ka yi wa WhatsApp bakof. Ka tabbatar kana tuna Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa, domin bayan an share waya za ta nemi asusun da ke kanta a da, in babu shi ta kulle. Cire sim da memori kafin ka miƙa ta, kuma kada ka ba kowa lambar sirrin banki. Idan Tecno, Infinix ko itel ce kuma garantinta bai ƙare ba, buɗe manhajar Carlcare ka nemi cibiyarsu mafi kusa, domin filashin a kasuwa na iya ɓata maka garantin.