Libarbar Turawa a Kumasi: Yadda Ake Gane Shekarunta

Wanda ya fito daga Zango ya shiga tsohuwar ganuwar Kumasi, wadda Ingilishi suka gina a 1897 kuma yau ta zama gidan tarihin soja, zai tarar da makaman yaƙe-yaƙen da sojojin Hausa suka halarta. To, daga cikin irin waɗannan makamai babu wanda ake yawan kuskuren shekarunsa kamar libarba, bindigar hafsoshi, alhali kuwa tarihinta yana rubuce a jikinta ga mai tahƙiƙi.

A zamanin yaƙin 1874, lokacin da kwamandan sojan Ingila Wolseley ya ƙone Kumasi, libarbar sojan Ingila ita ce Adams, wadda jikinta dunƙule yake, ana ɗura mata harsashi ta wata 'yar ƙofa a gefe, ana kuma zungure kwanso ɗaya bayan ɗaya da ɗan sandan ƙarfe. Webley, wadda aka karɓa a 1887, karyewa take yi daga sama, gangarta mai juyawa ta tofar da kwanso shida gaba ɗaya, abin da ya rage wa mai faɗa jinkiri ƙwarai. Amma ita ma iri-iri ce, kuma a nan ne hujja take da daɗin kafawa: samfurori biyar na farko ƙotarsu lanƙwashe take kamar kan tsuntsu, na shida kuwa, wanda bai fito ba sai 1915, ƙotarsa mai kusurwa ce. Saboda haka duk wanda ya nuna maka wannan samfurin na shida ya ce ta ga yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, da'awarsa baɗila ce, ko da shi kansa gadon labarin ya yi da kyakkyawar niyya.

Sa'an nan a duba lamba, domin takan kasance a jiki da ganga da bututu, kuma wajibi ne su dace. In sun saɓa, an haɗa bindigogi biyu ne. Alamar kibiya mai faɗi tana shaida cewa dukiyar gwamnatin Ingila ce. Kusoshi da sifirin su ne suka fi saurin mutuwa, kuma maƙeran Kumasi, waɗanda gwanintarsu ta shahara a Suame, suna iya ƙera madadinsu. Sai dai sawun magagari da bambancin launin ƙarfe sukan bayyana aikin hannu idan aka karkata bindigar ga haske.