Ko Kun Sani? Shanun da Ke Jikin Duwatsun Birnin Kudu

Ko kun san cewa idan kuka haye gadar Wudil kuka miƙe hanyar Birnin Kudu, kuna dosar wasu duwatsu da dokar ƙasa ta hana a taɓa? Dutsen Mesa da Dutsen Habude suna cikin wuraren tarihi na ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ke kula da su. Fasa su ko goge abin da ke jikinsu laifi ne.

Abin da ke jikinsu zanen shanu ne, akasari da jan launi, wanda mutanen dā suka zana a ƙarƙashin rumfar duwatsun. Wani abin lura, shanun ba su da tozo. Duk wanda ya saba shiga karar Wudil ranar Juma'a ya san shanunmu na yau masu tozo ne, don haka zanen yana nuna wani irin shanu da aka yi kiwo a ƙasar nan tun kafin waɗannan su yawaita.

A wurin kuma akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan aka buge su. Masanin tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955, ya sanar da duniya.

Har zuwa 1991 Birnin Kudu tana cikin Jihar Kano tare da Wudil, kuma ya kamata makarantun Wudil su riƙa kai ɗalibai su ga zanen da idonsu.