Kafin Ka Sayi Kayan Wutar Tsohuwar Mota, Karanta Lamba

Kwanakin baya na tsaya a wani garejin makanikai da ke Unguwar Sarki, cikin garin Kaduna, ba nisa da Masallacin Sultan Bello. A nan na tarar da wani dattijo zaune a kan tsohuwar taya, ya yi tagumi. Akori-kurarsa ce ta mutu, ga buhunan masara a bayanta. Sau biyu yana zuwa kasuwa sayen kontak, sau biyu ana ba shi wanda bai shiga ba.

Makanike ya ce masa, "Baba, me ka gaya wa mai shago?"

Dattijo ya ce, "Ɗan nan, na ce masa kontak na Fijo."

Makanike ya ce, "To ai Baba, Fijo ɗaya ce, amma kontak ɗinta iri-iri ne."

Wannan magana ita ta sa muka yi wannan bayani. A ƙauyukanmu da yawa tsohuwar mota ɗaya ce ke kai amfanin gona kasuwa. Ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Ranar da ta ƙi tashi, ba mai ita kaɗai ke shiga uku ba.

MOTAR DA TA CI TSERE

Motar da muke kira Fijo, sunanta a rubuce Peugeot. Asalinta daga Faransa ne. An fito da samfurin 504 a shekarar 1968. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri, kudu da Kogin Kaduna. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka.

Ba ƙaramar mota ba ce. A tseren motoci na Safari da ake yi a ƙasar Kenya, cikin taɓo da ƙura, 504 ce ta zo ta ɗaya a 1975. A 1978 ma wata 504 mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera don gudu, ta sake cinyewa. Kafin su, yayarsu 404 ta ci wannan tsere har sau huɗu. A Turai yanzu masu sha'awar tsofaffin motoci suna adana irin waɗannan suna tattalinsu. Su ma wahalarsu irin tamu ce: samun kayan wutar da suka dace.

Da tsohuwar zuma ake magani. Amma tunda an daina ƙera ta, sai mai ita ya buɗe ido wajen sayen kayanta.

YADDA WUTA KE TAFIYA

Fetur ba ya kamawa a cikin inji sai da tartsatsi. Kayan da ke haɗuwa su ba da wannan tartsatsi su ake kira kayan wuta. Ga su bi da bi:

1. Batir. Shi ne ma'ajin wuta. Ƙarfinsa bolt 12 ne. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki.

2. Kwayil. Wani ɗan gwangwani ne mai baki uku. Yana karɓar bolt 12 ya mayar da shi bolt dubbai, fiye da 10,000. Sai da irin wannan ƙarfi wuta ke iya tsallaka bakin fulogi.

3. Kontak. Ƙananan ƙarafa biyu ne da ke haɗe baki su rabu, su sake haɗewa. Duk lokacin da suka rabu, kwayil ya saki babbar wuta.

4. Kwandensa. Ƙaramin abu ne kamar yatsa. Yana hana bakin kontak ƙonewa, yana kuma taimaka wa kwayil ya ba da wuta mai ƙarfi.

5. Distiributa. Ita ce gidan kontak. A samanta akwai rota da murfi. Rota na juyawa kamar hannun agogo, tana miƙa wa kowace waya wuta a kan lokacinta.

6. Wayoyi da fulogi. Injin 404 da na yawancin 504 silinda huɗu gare shi, saboda haka fulogi huɗu ne. Wuta na zuwa musu a wannan jere: 1, 3, 4, 2.

Ka ga ke nan aikin kamar 'yan gini ne da ke miƙa wa juna tubali. Idan ɗaya ya saki, aiki ya tsaya.

A lura: motar dizal ba ta da waɗannan kaya. Ita matsewar iska ce ke kunna manta. Wannan bayani na motar fetur ne.

ME YA SA KAYA KE ƘIN SHIGA?

Dalili na farko shi ne, kamfanin mota ba shi ke ƙera kayan wuta da kansa ba. Saye yake yi daga wasu kamfanoni. A cikin Fijo za ka iya samun distiributar Ducellier, ko ta Paris-Rhône, ko ta Bosch. Kowace da irin nata kontak, da nata rota, da nata murfi. Daga nesa sun yi kama. Amma kama da wane ba ta wane. Ramin noti ya kan goce kaɗan, ko hannun kontak ya juya wani gefe.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci. Motar da ta shekara 30 ko 40 tana aiki ta bi hannaye da yawa. Wataƙila an canja mata inji. Wataƙila an ɗauko distiributar wata mota an ɗaura mata. Don haka sunan mota da shekararta ba su isa ba. Abin da ke cikin injin yau shi ne abin dubawa.

Dalili na uku shi ne kwayil. Akwai wanda ke shan bolt 12 kai tsaye. Akwai wanda sai an haɗa shi da wani ɗan farin dutse mai waya, wanda ke rage masa wuta. Akwai kuma na motocin da suka zo daga baya, waɗanda ba su da kontak sam. In aka ɗaura kwayil mai buƙatar dutse ba tare da dutsen ba, zai yi zafi ya riƙa cinye kontak. In aka sa wa motar kontak kwayil na sabuwar mota, haka za a yi ta asara. Mai mota ya yi ta zagin kontak, alhali laifin na kwayil ne.

ABIN YI KAFIN TAFIYA KASUWA

Na ɗaya, a tabbatar da abin da ya lalace. Ba duk ƙin tashi ne na wuta ba. A duba kan batir ko ya yi gishiri. A duba ko mai na zuwa. Da damina a buɗe murfin distiributa a goge, don danshi kaɗai na iya kashe mota.

Na biyu, ka goge jikin distiributa da tsumma. Za ka ga suna da lamba, ko a kan ɗan faranti ko an buga a jikin ƙarfe. Rubuta su a takarda, harafi bayan harafi. Haka za ka yi wa kwayil. A jikin fulogi ma akwai suna, kamar NGK ko Bosch ko Champion, da lamba a ƙarƙashinsa.

A nan ne karatu ke yin rana. Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci ba sai ya jira wani ya karanta masa ba. Ka kula da haruffa masu ruɗi: B da 8, S da 5, O da 0. Harafi ɗaya na iya raba fulogin motarka da na wata.

Na uku, ka tafi da tsohon abin a aljihu. Kada ka yar da shi, kada ka bar shi a gareji. A shago ka ɗora sabo a kan tsoho. Dubi ramukan noti. Dubi tsawon waya. In fulogi ne, jera su ka ga ko tsawon zarensu ɗaya ne. Fulogi mai zare fiye da kima zai iya taɓa fistin ya jawo babbar ɓarna. Mai gajeren zare kuma ba zai ƙona mai sosai ba.

Na huɗu, ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya, cewa in bai shiga ba za ka dawo da shi. Ka karɓi rasit, a rubuta lambar kayan a ciki. Masu sayar da kayan lantarki da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka ɗaura, don haka gara a yi sharaɗi tun da wuri.

SABO, NA HANNU DA JABU

A Kaduna mai neman kayan tsohuwar mota ya kan nufi Panteka ko shagunan 'yan sifiya na cikin gari. A Kano akwai kasuwar Ƙofar Ruwa. A irin waɗannan wurare za ka samu kaya kala uku: sabo na ainihi, na hannu wanda aka ciro daga wata mota, da kuma jabu.

Abin da ke cinyewa da aiki, a saye shi sabo. Wannan ya haɗa da kontak, kwandensa, fulogi da wayoyi. Amma jikin distiributa ana iya sayen na hannu mai kyau. Ka kama sandar tsakiyarta ka girgiza. In tana lilo gefe da gefe, ta gaji, ka bar ta. Murfi da rota kuma a duba su cikin haske. Ko ɗan siririn tsagu ko baƙin layi kamar na fensir, alama ce wuta na ɓallewa ta nan.

Jabu ya fi wuyar ganewa, don kwalinsa ya kan yi kama da na ainihi. Ka dubi rubutun jikinsa ko ya yi dishi-dishi, ko yana gogewa da yatsa. Dubi bakin kontak ko ƙarafan biyu sun haɗu daidai. In kuɗin ya yi sauƙi fiye da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ka yi shakka. Araha ba ta ado.

WAJEN ƊAURAWA

Kayan kirki ma sai an saita su. A Fijo 504 mai kontak, tazarar bakin kontak in ya buɗe milimita 0.4 ce. Ta bakin fulogi milimita 0.6. Akwai wasu siraran fallayen ƙarfe masu lamba da ake awon da su. Ka nemi makanike ya yi amfani da su, kada ya yi da ka. Duk lokacin da aka taɓa kontak kuma sai an sake duba tayimin, wato lokacin da wuta ke faɗawa.

In za a canja kontak, a canja kwandensa tare. In za a canja wayoyin fulogi, a cire ɗaya a sa ɗaya, don kada jeren ya rikice. A bakin kwayil akwai alamar + da ta -. A wasu na Faransa an rubuta BAT da RUP. Wayar da ke zuwa distiributa tana kan - ne, wato RUP.

Kada a bar makulli a kunne inji na kashe. Yin haka na gasa kwayil da kontak. Kada kuma a gwada tartsatsi kusa da buɗaɗɗen galan na fetur.

FULOGI NA BA DA LABARI

Bayan mako guda ko biyu, ka sa a kwance fulogi ka dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. In ya yi baƙin toka, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In ya jiƙe da baƙin mai, ciwon na cikin inji ne, sabon fulogi ba zai warkar da shi ba. In ya yi fari fat kamar alli, zafi ya yi yawa, a koma wurin makanike da sauri.

Shi dattijon nan, a tafiya ta uku ɗan makanike ya goge masa distiributa, aka rubuta lambar a bayan kwalin ashana. Kafin la'asar mota ta tashi. Kuɗin mota na zuwa biyu da yinin da ya ɓata dai sun riga sun tafi.

Shawararmu ga duk mai tsohuwar mota ita ce ya sayi ɗan littafi ya ajiye a cikin mota. Ya rubuta lambar distiributa, da ta kwayil, da ta fulogi, da ranar da aka canja kowanne. Ya kuma ajiye kontak da kwandensa da rota na ko-ta-kwana. Ba su da nauyi, kuma su ne za su fitar da kai idan dare ya same ka a daji.

DON TATTAUNAWA A AJI

1. Faɗi kayan wuta guda shida bi da bi.
2. Me ya sa sunan mota kaɗai bai isa ba wajen sayen kontak?
3. Samo tsohon fulogi, ka karanta sunansa da lambarsa, ka rubuta a littafinka.

Allah ya kiyaye hanya.