Dajin da ba ya cikin Rugu: Tunawa da Gwaggo da waɗanda suka yi jinyarta

A Batsari idan ka ce "daji", hankalin mutum Rugu yake fara tafiya. Mun taso muna jin labarin waɗanda aka shiga da su dajin, da waɗanda aka biya kuɗi suka dawo, da waɗanda har yau ba labari. Amma akwai wani dajin da ke ɗauke mana mutane a cikin ɗaki, kuma ko a zaman makoki ba a faɗin sunansa. Sai dai ka ji an ce, "ta sha fama da doguwar jinya." Ciwon daji nake nufi, wato sankara. Shi ne ajalin Gwaggona.

Ƙanwar mahaifina ce, tana aure a wani ƙauye na ƙasar Safana, can wajen Runka. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kuɗin da na yanki fom ɗin JAMB daga kwasar adashinta suka fito. Da na durƙusa zan yi godiya sai ta ce, "Tashi ɗan nan, ka dai yi karatun mu ji ka a rediyo."

Wani ƙullutu ta fara ji a mamanta, ba zafi ba komai. Ta yi shiru kusan shekara, saboda kunya. Da ya fara ciwo, wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce maruru ne. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ana cikin haka aka katse layin waya a yankinmu a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, da Batsari da Safana duk abin ya shafa. Mun yi makonni ba mu ji muryarta ba, hanya kuma ba ta biyuwa idan yamma ta yi. Ranar da aka samu aka kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce ciwon ya riga ya bazu. Ta rasu cikin azumin 2022. Allah Ya jiƙanta.

Duk shekara nakan ɗora hotonta a sitatus, abokai su yi ta turo "Allah Ya gafarta mata". Ina jin daɗin addu'ar, wallahi. Amma bana na tambayi kaina: mutanen da suka ɗauki nauyin jinyar nan fa, wa ya taɓa ce musu sannu?

Akwai 'yarta, wadda ta ajiye makaranta tana aji biyar na sakandare, ta koma kwana a kan tabarma a barandar asibiti. Ita ce wanki, ita ce wankin ciwo, ita ce riƙe kwano idan allurar kemo ta sa amai. Akwai mijinta, da ya sayar da shanun huɗarsa biyu ana gab da damina, ya san sarai abin da hakan ke nufi ga rumbunsa. Akwai direban da ya yi ta kawo ta Katsina yana karɓar kuɗin mai kawai. Akwai matan da ke jinyar nasu 'yan uwan a ɗaki ɗaya da ita, ba su san mu ba, amma kunun da suka dama tare ake sha. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zama ta yi mata bayani da Hausa har sai ta gane. Akwai 'yan ajinmu da suka yi karo-karo a guruf ɗin WhatsApp, wannan 500, wancan 1,000. Ku duka, na gode. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Labarin Gwaggo ba nata ba ne ita kaɗai. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da ciwon a Najeriya a shekara, kuma sankarar mama ce kan gaba. Abin da likitoci ke yawan kuka da shi shi ne zuwa asibiti a makare. Alhali sankarar mama idan aka gano ta da wuri, ana yin magani mutum ya ci gaba da rayuwarsa.

An kuma samu 'yan sauye-sauye tun bayan rasuwarta. A da, wanda ke buƙatar gashi da na'ura daga yankinmu sai ya nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, wadda ke kare su daga sankarar bakin mahaifa. Amma allura ba ta da amfani idan saƙon murya na ƙarya ya riga ta shiga gida. Mu kuma mu ne masu wayar.

To me za mu iya, mu da ba mu da shanun sayarwa? Na farko, mu daina ɓoye sunan ciwon. Ba jifa ba ne, ba abin kunya ba ne, kuma ba a ɗaukarsa don an ci abinci kwano ɗaya da mai shi. Na biyu, 'yan mata ku yi wa iyayenku mata maganar da mu maza ba za mu iya yi musu ba: ƙullutu a mama ko a hammata, ciwon da ya ƙi warkewa, jinin da ke zuwa ba lokacinsa ba, duk na asibiti ne, ko da ba zafi. Na uku, kafin ka tura tallan maganin da "ke warkar da kansa cikin sati biyu", tuna cewa watannin da wani zai ɓata a kansa ba za su dawo ba.

Na huɗu shi ne ya fi sauƙi. Idan ka san mai jinya a unguwarku, je ka karɓe ta na wuni ɗaya ta samu barci. Idan ba hali, kira ta. Ba sai 4 ga Fabrairu, Ranar Ciwon Daji ta Duniya, ta zo ba.

Makon jiya na kira 'yar Gwaggo na yi mata godiyar da ya kamata in yi tuntuni. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ai uwata ce." Na ce na sani, duk da haka sannu. Yanzu maganar komawarta makaranta muke yi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri, Ya kawo mana zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya. Amin.