Annobar awaki da tumaki: abin da alƙaluman riga-kafi ke nunawa

A shekarar 2015 aka taru a Abijan, babban birnin kasuwancin Kwaddibuwa, inda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ɗaura ɗamarar kawar da cutar PPR daga doron ƙasa zuwa 2030. Ita ce cutar nan da ke sa akuya zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, kuma a ƙasar ta Kwaddibuwa aka fara bayaninta a 1942. Idan ta faɗa wa garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, takan iya kashe har 90 cikin 100.

Hukumomin biyu sun ƙiyasta asarar da take jawowa tsakanin dala biliyan 1.4 da biliyan 2.1 kowace shekara, a ƙasashe fiye da 70, kuma iyalai matalauta kusan miliyan 300 ne abincinsu ya rataya a kan waɗannan dabbobi. Wanda ya raba babban adadin a kan yawan iyalan zai samu dala 7 kacal ga kowane gida, sai ya ɗauka abin bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafi yaudara ne. Cutar ba ta raba asara daidai wa daida. Takan tsallake ƙauyuka goma ta sauka a ɗaya, kuma matar da ke da awaki biyar tana iya wayar gari da guda ɗaya cikin mako biyu. Awakin nan su ne kuɗin magani, su ne kayan ɗakin 'ya, su ne hatsin da za a saya idan rumbu ya ƙare kafin kaka. A ƙasar Hausa yawanci mata ne masu su.

Ta ɓangaren kashe kuɗi kuwa, an tsara dala miliyan 996 domin zangon farko na shirin, daga 2017 zuwa 2021. Kusan dala miliyan 200 ke nan a shekara, wato kashi ɗaya cikin bakwai na mafi ƙarancin asarar da aka ƙiyasta. Maganin kansa ba sabo ba ne. Allurar da aka fi amfani da ita an samar da ita ne daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975, kuma allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa ta.

To, ina gizo ke saƙar? Yana wajen lamba 70. Ƙa'idar shirin ita ce sai aƙalla 70 cikin 100 na awaki da tumakin yanki sun samu kariya kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa. Binciken noma na ƙasa na 2011 ya ba Najeriya awaki miliyan 72.5 da tumaki miliyan 41.3, jimla miliyan 113.8. Kashi 70 na wannan ya kusa miliyan 80, kuma a kan tsohon adadi ke nan. Dole ma waɗanda za a yi wa allurar su haura haka, domin ba kowace allura ke kamawa ba. Maganin na buƙatar sanyi tun daga Vom har bakin ruga, idan kuma aka haɗa shi da ruwansa sai a ƙarar da shi cikin 'yan sa'o'i. Inda babu firji, babu ƙanƙara, babu man babur ga malamin dabbobi, kwalbar da ta isa ƙauye tana iya zama ruwa kawai, a rubuta a takarda cewa an yi riga-kafi.

Akwai kuma abin da alƙaluman shekara ɗaya ke ɓoyewa. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ana yanka na yankawa, ana kai na sayarwa kasuwa, ga layya kowace shekara. Garken da aka yi wa allura bana, baɗi cike yake da ƙanana marasa kariya. Saboda haka duk sanarwar da ta ce an yi wa dabbobi miliyan kaza allura, tambayar da ta kamata a yi ita ce: cikin nawa, kuma an koma baɗi?

Mun taɓa ganin sakamakon tsayawa a tsakiyar hanya. Gangamin riga-kafin bushiya da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi ya rage cutar ƙwarai, aka saki jiki, sai ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi wa shanun Najeriya mummunar ɓarna. Da aka sake ɗaura niyya, aka haɗa da horar da makiyaya su yi allurar da kansu a wurare masu wuyar shiga, a 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Muna kira gare ta da gwamnatocin jihohi da su fara da sabuwar ƙidayar dabbobi, su ware kuɗin sanyi da sufuri kamar yadda suke ware na magani, su kuma horar da mata masu allura da za su iya shiga cikin gidaje inda awakin suke ɗaure.